Sawun Halitta a Fasahar Zazzau: Tsakanin Gwanayen Birni da Masu Zanen Samaru

I. Maganar da za a auna

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sharhi a kan fasahar ƙasar Hausa, tun zamanin da Turawa suka fara rubutu a kanta. Cewa ake yi wai gwanin Bahaushe ba ruwansa da halittun da ke kewaye da shi. In ya ɗauki allura ko wuƙa, ko ya tsoma hannu a laka, ba abin da zai fitar sai layi da da'ira da kusurwa, kuma wai dalili shi ne addini ya hana shi yin sura. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta yi tsawon rai. Amma in aka auna ta da ayyukan da ke ƙasar Zazzau, sai a ga ba ta cika mudu ba.

Ba wurin da ya fi Zariya dacewa da wannan awo, gama a nan ne hanyoyi biyu na duban halitta suka zauna maƙwabtan juna. A cikin birni akwai magina da maɗinka da marina da dukawa, masu sana'ar gado. A Samaru kuwa, gab da gonakin Bomo, akwai makarantar koyon zane irin ta Turawa, wadda aka ɗauko daga Badun a 1955 aka dasa a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsakanin wuraren nan biyu 'yar tafiya ce a kan keke, amma cuɗanyarsu ba ta kai yadda kusancin ya kamata ya haifar ba.

Abin da takardar nan ke so ta nuna shi ne gwanin Zazzau yana duban halitta ƙwarai da gaske, sai dai sawunta da halinta yake ɗauka, kamanninta kuwa ya bar mata. Har ila yau tana so ta nuna cewa samarin Samaru da suka tashi neman irin wannan hanya sun same ta a garuruwansu na nesa, suka wuce wadda ke bakin ƙofarsu, kuma kowane ɓangare ya yi hasara a wannan saɓani.

Kafin a shiga, ya kamata a kau da batun hani. Gaskiya ne malamai da yawa sun ƙi a yi surar abu mai rai, amma ba su hana zanen itace ko fure ko dutse ba. Da hanin ne kaɗai dalili, da bangayen Zariya sun cika da hoton rimi da giginya, reshe-reshe, ganye-ganye. Ba su cika ba. Ashe ke nan akwai wani zaɓi da gwani ya yi don kansa, wanda ya kamata a nemi asalinsa a cikin aikin.

II. Magini

Halitta tana shiga aikin magini ta ƙofa uku, watau ta kayan aiki, da ta suna, da ta lokaci.

Kayan aikin duka daga ƙasa da daji suke. Jar ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa a murza tubali a shanya. Azara daga giginya ake tsaga ta, an kuwa zaɓe ta ne don gara ba ta cinta da sauƙi. Makubar da ake yaɓe da ita don ruwa ya zame daga kwasfar 'ya'yan ɗorawa ake jiƙo ta. Laso, wanda shi ne simintin mutanen dā, haɗin abu uku ne: katsin da ake kwasowa daga gindin karofi, da gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara. Mai karatu ya lura da wannan haɗi, gama za a komo kansa. Soro guda ba ya tsayuwa sai da hannun marini da na majemi da na mai shiga daji.

Kayan nan kuwa su ne ke yanka wa ginin kamanninsa. Azara ba ta ɗaukar nauyin laka in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2. Maginin da ke son zaure mai faɗi dole ya yi dabara: ya kafa azara a bango ta leƙo kaɗan, ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da laka, har ɓangarori biyu su sadu a sama. Iyakar ƙarfin azara ce ta haifi wannan lanƙwasa. Da ya gama ya ɗaga kai ya dube ta, sai ya kira ta bakan gizo, sunan abin da ke fitowa a sama in hadari ya wuce. Tsinin da ke kusurwar soro ya kira shi zanko, sunan tukkun da ke kan waɗansu tsuntsaye. Ba wanda zai ce bakan gizon zaure hoton na sama ne, tun da ba shi da launi ko ɗaya. Abu guda aka ɗauko, watau yadda yake tashi daga ƙasa ya koma ƙasa ba tare da ginshiƙi ba, kuma wannan ne halinsa.

Inda hanyar nan ta kai matuƙa shi ne Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Waɗansu na kiran gwanin Malam Mika'ilu, waɗansu Muhammadu Durugu. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin abin da ya rage na rufinsa zai ga bakuna suna tashi daga ginshiƙai suna rarrabuwa suna saduwa, yadda rassa ke yi a kurmi, alhali ba a zana ganye ko guda ba. Adon da ke jikin ginshiƙan ma da yatsu aka tayar da shi tun laka tana ɗanya, inuwa ce ke fito da shi, saboda haka yana sakewa da juyawar haske.

Ƙofa ta uku lokaci ne. Da rani ake gini, kafin faɗuwar ruwa ake yaɓe, damina kuma ta ci rabonta. Adon bangon laka yana da kwana kamar amfanin gona. In ba a sabunta shi ba ya koma inda ya fito. Wannan ba aibu ba ne a wurin masu shi, domin sabuntawar ce ke riƙe da sana'ar a hannun 'ya'ya da jikoki.

III. Maɗinki da mawaƙi

A ɗinkin riga ba dukan sunaye ne daga daji suke ba, kuma bai kamata a tilasta musu ba. Aska biyu da aska takwas sunan makami ne, tambari sunan ganga ne. Amma akwai kwaɗo da linzami, akwai kuma dagi. Dagi a asalin harshe tafin ƙafar zaki ne ko damisa ko kyanwa. Ƙullin nan da ake kira haka ba Hausawa kaɗai ke da irinsa ba, ana samun danginsa a littattafai da gine-gine na ƙasashen Musulmi da waɗansunsu. To, ko da siffar baƙuwa ce, sunan na gida ne: wani ya dubi ƙullin ya ga sawun da namun daji ke bari a bakin rafi. Raɗin suna ma duba ne. Haka saƙi, tufan nan mai ɗigon fari a cikin shuɗi, Yarabawa sun kira irinsa etu, watau zabuwa.

Zaren da ya fi daraja a tsohon ɗinki shi ne tsamiya. Wata tsutsa ce ke saƙa gidanta a jikin itatuwa, a ɗebo gidan a dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa shi ya zama zare. Shuɗin kuwa daga baba yake, jan fata daga karan dafi, jima da bagaruwa. Wanda ya sa tsohuwar rigar Zazzau ya yafa daji ne a kafaɗa, ko ya sani ko bai sani ba.

A ƙauyuka irin su Bomo abin ya fi fitowa fili, domin a can ba a raba ado da amfani. Faifan da mace ke saƙawa da ciyawa da kaba daga tsakiya yake farawa yana kewayawa, kamar yadda maciji ke naɗe kansa. Ƙwarya 'yar duma ce, mai yi mata ado da wuƙa mai zafi dole ya bi ƙugunta, shi ya sa zanenta ke tafiya ɗauri-ɗauri. A nan ne kuma akan ga ƙadangare ko tsuntsu ya kutso, amma an rage shi har ya zama layi huɗu ko biyar, daidai abin da zai sa a gane shi.

Mawaƙi ma haka yake yi. Makaɗin fada in ya kira sarki giwa ko zaki, ba ya tsayawa faɗin launin fatarsu. Nauyi da kwarjini yake nufi. Da aka kira Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello Gamji, ba wanda ya tambayi faɗin ganyen itacen, kowa ya ji inuwa da wuyar sara. Kura tana tsayawa a madadin makwaɗaici, hankaka a madadin mai mai da ɗan wani nasa. Ba abin mamaki ba ne da ya zamana babban mawaƙin Zazzau na ƙarni na 20, Alhaji Aliyu Namangi mai Infiraji, makaho ne tun yana ƙarami. Waƙar da ke aiki da hali ba ta dogara ga ido ba.

Sai dai a nan ne raunin hanyar ke bayyana, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. In kullum hali ake ɗauka, sai halitta ta zama baiwar wa'azi da zambo. Kura ta daina zama kura, ta zama maƙwabcin da ake jin haushi. Kwana a tashi mawaƙi ya gaji sunan dabbar da bai taɓa gani ba, yana maimaita abin da na gaba suka faɗa. Shi ya sa Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali ta fita daban, har D. W. Arnott ya keɓe mata nazari a 1968. Mawaƙin ya tsaya ya dubi damina ita kanta, da abin da take yi wa ƙasa da masu rai, kafin ya ɗora mata wata ma'ana. Ƙarancin irinta a rubutattun waƙoƙi shaida ce cewa gado yakan rufe ido.

IV. Samarin Samaru

Darasin da aka kawo Samaru a 1955 na makarantun zane na Ingila ne, yawancin malaman ma daga can suke. Ana zaunar da ɗalibi gaban mutum ko tulu ko fili, a ce ya fitar da abin da idonsa ya gani, da nisa da kusa, da haske da inuwa. Horo ne mai kyau, yana koya wa hannu biyayya, kuma yana maganin ciwon da aka ambata a sama, gama ba ya barin mutum ya zana abin da bai duba ba. Aibinsa shi ne an ɗauke shi kamar shi kaɗai ne fasaha, abin da ake yi a birni kuwa sana'a ce kawai.

A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya mai suna Zaria Art Society, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya ba manufarsu suna da Ingilishi, Natural Synthesis. Kalmar farko ta sa waɗansu suna zaton zanen daji da itatuwa ake nufi. Ba haka ba ne. Nufinsa shi ne gami wanda ya zo da kansa ba da tilas ba, tsakanin dabarun da aka koya a aji da gadon da kowa ya taso a ciki. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu, amma ba wata ƙungiyar masu zane a Nijeriya da ta kai ta tasiri.

Abin lura shi ne inda neman gado ya kai shugabansu. Uche Okeke, wanda ya taso a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da ruwan 'ya'yan wani tsiro, suna kuma yin irinsa a bango. Sunayen zanen uli kuwa daga halitta suke: akwai kan goro, akwai naɗin maciji, akwai farcen damisa. Farcen damisa a ƙasar Ibo, dagi a ƙasar Hausa. Hanyar ɗaya ce, a rage halitta har ta zama layi, a bar suna ya riƙe ta. Da wannan layi ya yi Ana Mmuo a 1961 da jerin zanen Oja a 1962, inda mutum da itace da iska suke fitowa daga zare guda mai tafiya. Ayyukan nan sun cancanci yabon da aka yi musu. Amma darasin da ya je gida ya ɗauko yana nan rubuce a bangayen birnin da ya zauna kusa da shi shekara huɗu.

Ba a ce samarin nan ba su dubi Arewa ba. Okeke ya zana masu sallar Jumma'a a 1961, Nwoko ya zana mabarata a jirgin ƙasa. Sai dai a irin waɗannan ayyuka Arewa abin kallo ce, ana zana rigunanta da fuskokinta. Ba a tambaye ta yadda ita take zane ba. Sun ɗauki kamannin ƙasar, suka bar hanyarta, watau kishiyar abin da gwanayenta ke yi wa halitta.

Adalci ya wajaba a nan. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya koma ga gadon gidansu, a cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kuwa babu Bahaushe ko ɗaya. Ba za a zargi mutum don bai gaji uban wani ba. Giɓin ya samo asali ne daga ƙarancin 'yan Arewa a manyan makarantu a lokacin, da kuma ƙyamar da iyaye ke yi wa karatun zane. Wanda ya fi kusantar cike shi a cikin tsararsu shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe da ya yi karatu a Keffi, wanda bai zauna a ƙungiyar ba, ya kuwa shigar da mahaya da makaɗa da adon gine-ginen Hausa cikin zanensa. Daga baya waɗansunsu sun waiwayo. Onobrakpeya ya yi jerin ayyuka a shekarun 1980 a kan mutanen Sahel da matsowar hamada. Nwoko ya koma gini da jar ƙasa da katakon gida, har aka ba shi lambar girma ta masu tsara gini a Venice a 2023. Shi ne ya fi kowa bin ƙofar kayan aiki, ko da yake daga Binin da ƙasar Ibo ya ɗauko misalinsa. A cikin na baya kuma Jerry Buhari, malami a wannan sashe, ya daɗe yana zane a kan lalacewar ƙasa da muhalli.

V. Gamin da ya zo daga wajen mai sana'a

Akwai misali guda da ke nuna abin da kan faru in mai gadon ne da kansa ya shiga sabuwar makaranta. A Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi, Michael Cardew ya buɗe wurin koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya, ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta zo da hannunta a cike: tana gina randa ba da na'ura ba, ta tsaga mata ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi, kowanne an shimfiɗe shi an cika cikinsa da layuka. Ta koyi sabon yumɓu da ruwan ƙyalli da gashi mai tsananin wuta, ba ta saki dabbobinta ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Duk da haka gamin bai zo kyauta ba. Randar ƙauye tana sanyaya ruwa ne don jikinta yana tsattsafo, iska tana busarwa. Da aka shafe ta da ƙyalli aka gasa ta ta zama kamar dutse, sai tsattsafon ya tsaya, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya fi ƙarfin mai ɗiban ruwa. Ƙadangaren ya tsira, randar ta tashi daga bayan ɗaki ta koma ɗakin nuni. Wannan ciniki ne da ya kamata duk mai son ɗaukaka sana'ar gargajiya ya san farashinsa tun kafin ya taya.

VI. Laifin gida

Kada a ɗauka birni ba shi da nasa laifi. A shekarun 1950 maginan Zariya sun nuna idonsu a buɗe yake. Da siminti ya shigo suka riƙa tsaga ado a jikinsa, suka sa keke da mota da jirgin sama da agogo a fuskar gidajen attajirai, kusa da dagi da takobi. A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan gidajen nan a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban nazari a kansu a 2007. Waɗansu sun ga keken bango kamar lalacewar gado. Kuskure ne. Magini ya yi wa keke abin da kakansa ya yi wa bakan gizo, ya dubi sabon abu ya rage shi ya ɗauki alamarsa. Wannan shaidar rai ce.

Lalacewar ta zo ta wata hanya. Masu kuɗi suka koma ga bulo da kwano, ginin laka ya zama alamar talauci. A shekarun 1970 aka rushe wani sashe na masallacin Babban Gwani, aka lulluɓe sauran da ginin kankare. Sarƙar kayan aiki kuma ta tsinke ɗaya bayan ɗaya. Da shuɗin kanti da yadin masaƙa suka rage aikin karofi, katsi ya yi wuya, in kuwa babu katsi babu laso. Inda aka sare ɗorawa don itacen girki ko don a yanka fili, makuba ta tafi. Garin Samaru yana ta cin gonakin da ke kewaye da shi, kuma kowace giginya da ta faɗi ba a dasa wata ba, azarar wani zaure ce ta tafi. Sana'ar da aka gina a kan itatuwa ba ta wuce kwanan itatuwan.

Abin da ya rage a wurare da yawa suna ne babu duba. Dagi ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna, yau kuma yana kan ƙofofin ƙarfe da huluna da takardun ƙungiyoyi, ana buga shi kamar hatimi. Da wuya a sami ɗaya cikin masu buga shi da zai tuna tafin zaki. Keken ɗinki yana fitar da aska takwas a yini guda, inda hannu ke wata da watanni, amma keke ba ya raɗa wa sabon zane suna. Ɗinkin hannu dai bai mutu ba, gama matan birnin Zariya sun karɓe shi tun daga wajen shekarun 1970, suna yi a cikin gidajensu. David Heathcote, wanda ya koyar a Samaru ya kuma shirya nunin fasahar Hausa a London a 1976, ya tattara zane da sunaye masu yawa. Amma da Ingilishi aka rubuta yawancin wannan ilmi, mai allurar ba ta karanta shi.

VII. Ma'auni

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ma'aunin da za a riƙa gwada aikin da aka ce halitta ce ta haife shi, ko zane ne ko ɗinki ko waƙa. Da fari a tambaya, mai aikin ya dubi abin da kansa, ko gadon sunansa kawai ya yi? Na biyu, me ya ɗauka daga gare shi, kuma me ya bari da gangan? Na uku, kayan da ya yi aikin da su sun sa baki a kamannin aikin, ko kuwa da kowane kaya ma haka zai fito? Masallacin Babban Gwani ya amsa duka uku. Zanen uli na Okeke ya amsa biyu na farko. Hoton faɗuwar rana a kan tafkin Bomo da ɗalibi ya kwafa tsaf don cin jarrabawa ya amsa ta farko kaɗai. Dagin da aka zuba a ƙofar ƙarfe bai amsa ko ɗaya ba.

Ma'aunin yana nuna abin da kowane ɓangare ke bukata a wurin ɗan'uwansa. Aji yana da horon ido, birni yana da hikimar ragewa da sanin kaya. Aikin da ya fi gaggawa kuwa na masu nazarin Hausa ne, domin rabin fasahar nan a cikin harshe take. Sunan kowane zanen riga da hula da faifai da ƙwarya da bango yana bukatar a rubuta shi da Hausa daga bakin mai yinsa, tare da dalilin sunan, da itacen ko ciyawar da aka yi aikin da ita, da watan da ake samunta. Masu koyar da Hausa da masu koyar da zane a harabar jami'a ɗaya suke, tsofaffin da suka san haɗin laso kuma suna nan a birni da ƙauyukan da ke kewaye, amma ba ƙaruwa suke yi ba. Ɗalibin da ya fita Bomo da allon zanensa ya zauna gaban ɗorawa, ya kyautu kafin ya ja layi ya tambayi mai gonar abin da ake yi da kwasfarta, da kalwarta, da garinta, da inuwarta. Abin da zai zana bayan ya ji amsa ba zai zama daidai da abin da zai zana kafin ya ji ba.